Ruwan Sha da Ruwan Wasa

Sa'ad da fari ya kama gari, har hukuma ta fara auna wa kowane mutum ruwan da zai yi amfani da shi a yini, akwai wata tambaya da takan taso. Ko daidai ne a ci gaba da zuba ruwa a wurin wasa? Yawancin mutane za su amsa nan take su ce a'a, gama rai ya fi wasa. Wanda ya ga farin 1973 da 1974, ko na 1984, ko kuwa ya ji labarinsu daga bakin iyayensa, yadda rijiyoyi suka ƙafe, shanu suka yi ta faɗuwa a bakin hanya, ba zai ma so a yi masa irin wannan tambaya ba. Zai ce wannan damuwar masu ƙoshi ce.

Amma akwai wani babban birni a Afirka wanda tambayar ta zo har ƙofarsa. Da shugabanninsa suka zauna a kanta, sai suka tarar ba ta da sauƙi kamar yadda ake zato. Kowace amsa suka ɗauka, akwai wanda zai cutu. Labarin wannan birni ya isa mutum ya zauna ya yi tunani a kansa, gama yana koya yadda ake raba abin da bai isa kowa ba.

Me ya faru a Kef Tawun?

Kef Tawun yana can ƙarshen ƙasar Afirka ta Kudu, a bakin teku. Mutanensa a lokacin wajen miliyan 4 ne. Ruwan samansu yana sauka ne a watannin sanyi, daga wajen Mayu zuwa Agusta. Disamba da Janairu da Fabrairu kuwa su ne watannin zafi da rani, a cikinsu ne kuma 'yan makaranta suke samun dogon hutu. Birnin yana shan ruwa daga manyan madatsun ruwa shida. Babbarsu ita ce Theewaterskloof, wadda ita kaɗai take riƙe da wajen rabin ruwan duka.

Shekara uku a jere, 2015 da 2016 da 2017, ruwan sama bai sauka yadda aka saba ba. Madatsun suka yi ta janyewa, har itatuwan da ruwa ya rufe shekara da shekaru suka fito fili a tsakiyar rairayi. Hukumar birni ta fara sa doka mataki mataki. A tsakiyar 2017 aka hana ɗiban ruwan famfo domin ban ruwan lambu, ko wankin mota, ko cika tafkin iyo na gida. Aka ce kada kowane mutum ya wuce lita 87 a yini. Ran 1 ga Fabrairu 2018 aka rage zuwa lita 50, wato jarka biyu irin ta 'yan ga-ruwa mai cin lita 25. A cikin wannan ne mutum zai sha, ya yi girki, ya yi wanka da wanki, ya kuma kora makewayi.

Sa'an nan aka sanar da wata rana da aka sa wa suna Ranar Sifiri. Aka ce idan ruwan madatsun ya sauka zuwa kashi 13.5 cikin ɗari, za a rufe famfunan yawancin unguwanni. Daga ranar, kowa zai je ya bi layi a ɗaya daga wurare wajen 200, a ba shi lita 25. A watan Janairu 2018 aka ce ranar za ta faɗo ran 12 ga Afrilu. Tsoro ya shiga gari. Mutane suka riƙa tsayawa cikin baho in za su yi wanka, domin su tara ruwan su kora makewayi da shi. Waɗansu suka riƙa yin asubanci zuwa maɓuɓɓugar Newlands da jarkoki.

Yaya gidajen wasanni suka yi?

A birane irin wannan, hukuma takan gina wa unguwanni gidajen wasanni. Galibi akan sami zauren taro, da filin ƙwallo mai ciyawa, da ɗakunan wanka, a waɗansu wurare kuma da tafkin iyo da aka gina da siminti. Kuɗin shiga kaɗan ne, domin talaka ma ya iya zuwa. Biyu daga cikin waɗannan abubuwa masu shan ruwa ne ƙwarai, wato tafkin da ciyawar.

Hukumar Kef Tawun tana da tafkunan iyo na jama'a 35 a lokacin. Da zafin ƙarshen 2017 ya gabato, ba ta buɗe su duka ba, ba ta kuwa rufe su duka ba. Ta buɗe 12, ta rarraba su a sassan birnin dabam dabam, sauran suka zauna a kulle. Akwai wanda matsalar ba ta taɓa shi ba, wato na Sea Point, gama shi ruwan teku ake tacewa a zuba masa. Haka kuma tafkunan da aka kewaye da katanga a bakin teku, irin na St James da na Monwabisi, waɗanda igiyar ruwa take cika su da kanta, ba su ci ko lita ɗaya daga madatsun ba.

Filayen ƙwallo kuwa an hana a ba su ruwan famfo. Waɗanda suke da rijiyar burtsatse, ko waɗanda bututun tataccen ruwan magudana ya kai gare su, suka rayu. Wannan ruwa ne da aka riga aka yi amfani da shi a gidaje, aka tace shi, bai kai a sha ba amma ya isa ciyawa. Sauran filayen suka bushe, ƙasa ta yi tauri, aka rage wasanni a kansu, aka ɗage waɗansu. Inda aka riga aka shimfiɗa ciyawar roba, nan ne ƙungiyoyi suka riƙa cincirindo suna jiran juna.

To, wannan shawara ta buɗe 12 a rufe 23, daidai ce ko kuskure? Akwai masu hankali a kowane gefe, ya kuwa kamata a saurari kowannensu.

Hujjar masu cewa a rufe duka

Hujjarsu ta fari lissafi ce. Milimita ɗaya na ruwa a kan fili mai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi, lita ɗaya ke nan. A ce tafki yana da tsawon mita 50 da faɗin mita 25. Idan rana da iska suka shanye milimita 5 daga samansa a yini, an rasa lita 6,250. Wannan rabon mutum 125 ne a kan lita hamsin hamsin. Ban da wannan akwai ruwan da ake wanke matatar tafkin da shi, da wanda masu iyo suke fantsamarwa, da na ɗakunan wanka. Filin ƙwallo ya ma fi. Cikakken fili yana da tsawon mita 105 da faɗin mita 68. Idan aka ba shi milimita 25 a mako, ya sha lita 178,500, wato fiye da lita 25,000 kowace rana, rabon mutum fiye da 500. Wa zai iya duban mutum ɗari biyar a layi ya ce musu ciyawa ta riga su?

Hujja ta biyu ta fi ta farin nauyi. Doka irin wannan ba ta tsayawa da ƙarfin 'yan sanda, gama ba mai iya sa ɗan sanda a kowane ɗakin wanka. Tana tsayawa ne idan kowa ya gaskata cewa maƙwabcinsa ma yana shan irin wahalar da yake sha. Matar da ta tara ruwan wankan 'ya'yanta a bokiti, idan ta wuce ta ga tafkin hukuma cike yana ƙyalli, me za ta ce a ranta? Za ta ce ashe ruwan bai ƙare ba, ita kaɗai ake wa wayo. Ran da ta faɗi haka, ta daina auna ruwa. Saboda haka wanda ya sa doka shi ne ya kamata ya fara ɗaukar nauyinta a gaban idon kowa.

Hujja ta uku ita ce ta manoma. An rage musu ruwan ban gona da wajen kashi 60 cikin ɗari. Gonakin inabi da na 'ya'yan itatuwa suka rage aiki, dubban 'yan ƙodago suka rasa abin yi. Duk da haka, a watan Fabrairu 2018 manoman yankin Grabouw suka saki ruwa wajen lita biliyan 10 daga nasu madatsun zuwa birnin. Mutumin da ya rasa abincin iyalinsa saboda fari yana da iko ya tambayi dalilin da ya sa waɗansu ba za su rasa iyo na wata uku ba.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan hujjoji da za a yar. Wanda yake so a bar tafki a buɗe, wajibi ne ya amsa su.

Hujjar masu cewa a bar waɗansu a buɗe

Su kuma da tambaya suke farawa. In an rufe tafkin jama'a, wa aka hana iyo? Ba mai kuɗi ba ne. Mai kuɗi na Constantia ko Camps Bay yana da tafki a bayan gidansa. Da aka hana shi ruwan famfo, sai ya haƙa rijiyar burtsatse, ko ya sayi ruwa a tanka, ko ya sa 'ya'yansa a mota ya kai su bakin teku. Wanda ƙofar ta rufu a gabansa shi ne yaron da gidansu ɗaki ɗaya ne na kwanon rufi, wanda da tsakar rana ba ya zaunuwa saboda zafi.

Tarihin birnin ya sa wannan magana ta yi nauyi. A zamanin mulkin wariyar launin fata, wata doka ta 1953 ta raba wuraren shaƙatawa bisa ga launin fata, har da tafkunan iyo da bakin teku. Masu kyaun aka ware wa Turawa. Sai a 1990 aka soke dokar. A 1966 gwamnati ta ce unguwar District Six ta Turawa ce kaɗai, aka kwashe mutane fiye da 60,000 daga cikinta, aka kai yawancinsu wani filin rairayi da ake kira Cape Flats, nesa da tsakiyar gari. Jikokinsu ne suke zaune a unguwanni irin su Hanover Park da Mitchells Plain. A waɗansu daga cikin waɗannan unguwanni 'yan daba sun yi ƙarfi, suna kuwa neman yara ƙanana su shigar da su cikinsu. A irin wannan wuri, gidan wasanni shi ne inda uwa take iya tura ɗanta ta tafi aiki hankalinta a kwance, domin akwai katanga, akwai babba mai lura.

Akwai kuma maganar rai. Yaron da zafi ya dama, in ba a ba shi wurin da akwai mai ceto ba, zai nemi ruwa da kansa, a kududdufi, ko a magudana, ko a gefen tekun da ba mai tsaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, yara kuwa suna da yawa a cikinsu. A tafkin jama'a ne ɗan talaka yake koyon iyo. Hausawa sukan ce iya ruwa fid da kai. Ashe ruwan da aka ce na wasa ne, wani lokaci shi ma na ceton rai ne.

Sa'an nan su ma suna da nasu lissafi. Ko da tafkunan nan 12 duk manya ne irin wanda aka auna a baya, abin da rana take sha daga gare su lita 75,000 ne a yini. Birnin kuwa, ko a lokacin da aka fi tsuke hannu, yana shan wajen lita miliyan 500 a yini. Ko an ninka na tafkunan sau biyu saboda wanke matata, bai kai kashi ɗaya cikin dubu uku ba. Babban ruwan a wani wuri yake tafiya. Unguwannin bukkokin kwano, inda gidaje da yawa suke tarayya a famfo ɗaya, ba su sha ko kashi 5 cikin ɗari na ruwan birnin ba. Wani bincike da aka buga a 2023 ya nuna cewa gidajen masu wadata, waɗanda ba su kai kashi 14 cikin ɗari na mutanen birnin ba, su suke shan fiye da rabin ruwan da gidaje suke sha, da yawa daga ciki kuwa a lambu da tafkin gida yake ƙarewa.

Amma a nan sai a yi hankali. Cewa abu kaɗan ne bai isa hujja ba, gama haka kowane mai lambu yake faɗi a kan nasa lambu. Abin da ya bambanta tafkin jama'a shi ne yawan waɗanda suke tarayya a cikinsa. A ce yara 600 suka shiga babban tafkin nan a yini. Kowannensu ya ci lita 10 da 'yan kai ke nan. Tafkin gida mai mita 8 da mita 4 yana rasa lita 160 a irin wannan rana. In mutum huɗu ne a gidan, kowannensu ya ci lita 40, ko sun shiga ko ba su shiga ba.

Da wane mudu za a auna?

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince a 2010 cewa samun ruwa mai tsabta hakki ne na kowane ɗan adam. Tun 1989 kuma, yarjejeniyarta a kan hakkin yara ta ce yaro yana da hakkin hutu da wasa. Duka biyu gaskiya ne, amma takarda ba ta faɗi abin da za a yi ba ran da suka yi karo a bakin famfo ɗaya. Wannan aikin lamiri ne. Daga abin da ya faru a Kef Tawun ana iya fitar da tambayoyi huɗu da mai kula da gidan wasanni zai yi wa kansa.

Ta fari, wane irin ruwa ne? Ba dukan ruwa ne yake gasa da bakin mai ƙishi ba. Ruwan teku a tafkin Sea Point bai rage wa kowa kofi ɗaya ba. Tataccen ruwan magudana da aka ba ciyawa, da ba a ba ta ba, teku za a kora shi. Ruwan da aka wanke matata da shi ana iya tara shi ya kwanta, a tace, a mayar. Tafki ana iya rufe shi da tamfol da dare domin iska ta rage sha. Laifi ne a zuba ruwan sha a inda wani ruwa zai iya yin aikin. Sai dai ruwan rijiyar burtsatse yana bukatar lura. Ruwan ƙarƙashin ƙasa na kowa ne, wanda ya fi zurfin rijiya yana janye na maƙwabcinsa. Allon da aka kafa a ƙofa cewa da ruwan rijiya ake ban ruwa a nan bai wanke mai shi sarai ba.

Ta biyu, wa yake da wani wurin zuwa? In tilas ne a rufe, sai a fara da wurin da masu zuwansa suke da mota da wata mafita, a ƙare da wurin da in an rufe shi yara ba su da ko'ina sai titi. Raba daidai wa daida ba kullum ne adalci ba. Uwa mai tuwo kaɗan ba ta yanka shi da ma'auni, takan dubi wanda ya ci wani abu a waje da wanda bai ci ba.

Ta uku, an faɗa wa mutane gaskiya? Wannan ita ce amsar matar nan mai bokiti. Abin da yake kashe mata zuciya shi ne zaton ana yin abu a ɓoye. In aka rubuta a ƙofa lita nawa tafkin yake ci, daga ina ruwan yake zuwa, an rufe shawa, an rage sa'o'in buɗewa, an kulle 23 domin a iya riƙe 12, za ta ga gidan wasannin ma yana cikin layi ɗaya da ita. Mai yiwuwa ma ɗanta yana cikin masu iyon.

Ta huɗu, me aka yi tun ruwa yana nan? A kan wannan, wani birni a wata nahiya yana da abin koyarwa. Melbon, a ƙasar Ostireliya, ya sha fari mai tsawo daga wajen 1997 zuwa 2009, har madatsunsa suka sauka zuwa wajen kashi 26 cikin ɗari. A 2007 dokar ruwa ta ce fili ɗaya cikin huɗu kaɗai za a ba ruwan famfo. Hukumomin unguwanni suka shiga irin wahalar zaɓen da Kef Tawun ya shiga daga baya. Filayen da aka bari suka yi tauri har suka zama haɗari ga 'yan wasa. Daga nan suka ɗauki darasi. Suka riƙa cire ciyawa mai son ruwa suna dasa mai jure zafi, irin su kikuyu wadda asalinta daga Afirka ta Gabas ne. Suka gina tankuna na tara ruwan sama da yake gudu a kan tituna da rufin gidaje, suka shimfiɗa ciyawar roba a waɗansu filaye. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Filin da ya rayu a cikin fari, an yi masa tanadi ne tun kafin farin. Wannan ma maganar adalci ce, gama in bututun tataccen ruwa da rijiyoyi duk a unguwannin masu kuɗi aka sa su, to, an riga an zaɓi wanda zai rasa tun ba a san za a yi fari ba.

Ina iyakar wannan magana?

Tana da iyaka, ya kuwa kamata a faɗe ta a fili. Da Ranar Sifiri ta zo, da mutane sun fara bin layi saboda jarka ɗaya, to, ba sauran gardama. Kowane tafki mai shan ruwan famfo sai a rufe shi a ranar, ruwan da yake ciki ma a ajiye shi domin kashe gobara ko kora makewayi. Masu cewa rai ya fi wasa ba su yi kuskure ba. Kuskuren da ake tsoro shi ne a ɗauki dokar ranar ƙarshe a yi aiki da ita tun ranar fari, a fara da ɗan talaka domin shi ne ba ya iya kai ƙara, alhali lambun mai ƙarfi yana nan kore.

Haka kuma kada a ce zaɓen 12 ya fita ba tabo. Unguwanni 23 sun wayi gari da ƙofa a kulle. Yaron da tafkin unguwarsu yana cikin waɗanda aka rufe, wanda ba shi da kuɗin mota zuwa wani, bai ga adalcin da aka yi ba. Shi abin da ya sani, hutunsa ya wuce bai shiga ruwa ba. A lokacin ƙaranci ba a samun hukuncin da ba mai kuka. Abin da ake nema daga mai hukunci shi ne ya san wanda ya sa kuka, ya kuma nemi abin da zai ba shi a madadi.

A nan ne ya kamata a rarrabe tsakanin rufe famfo da rufe ƙofa. Gidan wasanni ba tafki da ciyawa ne kaɗai ba. Zauren taro ba ya shan ruwa. Filin siminti na ƙwallon kwando ba ya shan ruwa. Mai koyar da wasa, da inuwa, da fitila da dare, duk ba su rage madatsa. Wanda ya tashi a ƙauyen Hausa ya san dandali, inda yara suke langa da 'yar gala-gala da tatsuniya a farin wata, ba a taɓa ba filin ruwa ba ko sau ɗaya. Abin da ya mai da shi wurin wasa shi ne sarari, da abokai, da manya a kusa. Mai kula da gidan wasanni da ya kulle ƙofa gaba ɗaya ya tafi gida saboda tafki ya bushe, ya manta dalilin da ya sa aka gina gidan.

Ranar Sifiri ba ta zo ba. Mutanen Kef Tawun sun rage shan ruwa daga wajen lita miliyan 1,200 a yini a 2015 zuwa ƙasa da rabin haka a farkon 2018. Aka yi ta ɗage ranar, daga Afrilu zuwa Mayu, zuwa Yuni, zuwa Yuli. Ruwan sama ya sauka a sanyin 2018, aka janye sanarwar. A 2020 madatsun suka cika har baki.

Amma tambayar ba ta tafi da farin ba. Kowane gari mai girma da yake shan ruwa daga madatsa ko daga ƙarƙashin ƙasa yana iya samun kansa a wannan hali, kowace makaranta da kowace ƙungiya mai fili da famfo kuma za ta yi nata ƙaramin hukunci. Mai karatu da wata rana aka ba shi mabuɗin irin wannan wuri, kafin ya juya shi, ya kamata ya fita ya tsaya a bakin ƙofa da yamma, ya ƙirga yaran da suke shiga, ya tambayi kansa inda kowannensu zai kasance gobe war haka in ya tarar da ƙofar a kulle.